Kilo Ashirin da Bakwai

Ran Juma'a da sassafe Firmin Daelemans ya faɗi da keke a hanyarsa ta zuwa tashar jirgin ƙasa ta Mechelen, ya karya wuyan hannunsa na dama. Ɗan mai gyaran keke ne fa, mutumin da ya iya tuƙi tun kafin ya iya ɗaura igiyar takalmi, shekararsa sittin da takwas bai taɓa ko gurje gwiwa ba, sai ga shi jiƙaƙƙen ganye ya shimfiɗe shi a ƙofar gidan burodi. Mai burodin ne ya kira matarsa Godelieve. Ita kuma ta kai shi asibiti tana zazzaga masa faɗa tun daga mota har gadon likita, don ita in ta tsorata faɗa take yi.

Ana cikin naɗe masa hannun da filasta ta ce ya kwantar da hankalinsa, ta riga ta buga wa Rutger waya. Rutger shi ne mai horar da Annelies Verbraeken. Annelies kuwa ita ce 'yar wasan tanis ɗin da Firmin yake ɗaura wa tsirkiyar raket shekara ashirin da takwas, kuma yau da ƙarfe biyu za ta buga a garin Gent. Raket shida take shiga fili da su. Uku ya ɗaura jiya da yamma, ukun da suka rage da safen nan zai ɗaura, kamar yadda ya saba. Godelieve ta ce kada ya damu da wannan, Rutger ya riga ya kai ukun ɗakin masu ɗauri na gasar, ya rubuta musu lamba a takarda.

"Wace lamba?" in ji Firmin.

"Wadda duk duniya ta sani mana. Ashirin da bakwai."

Sai da ta faɗa sannan ta ji abin da ta faɗa. Ta dafe baki. Likita ya ga gumi ya karyo wa tsohon, ya zaci zafi ne, har ya tambaya ko a ƙara masa allura.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce mene ne abin gumi a cikin lamba. To, tsirkiyar raket da nauyi ake jan ta, kilo kaza, kafin a ɗaure. In aka ja ta da ƙarfi, ƙwallo na zuwa inda aka aike ta, amma sai mai bugu ya kawo ƙarfin daga jikinsa, kuma duk girgizar a gwiwar hannu take sauka. In aka sassauta, tsirkiyar ce take taya mutum jifa, hannu ya huta. Wannan kowane ɗan koyo ya sani. Abin da Firmin ya fi kowa shi ne kunne. A shagon ubansa ya samo shi, inda yake daidaita wayoyin ƙafar keke ta hanyar ƙwanƙwasa su yana saurara. Yana ɗan shekara ashirin wani malamin kulob ya kawo raket da ta tsinke, ya ce ko za a iya yi mata dabara, shi ke nan keke ya yi rashin ma'aikaci. Tsohuwar na'ura yake aiki da ita, irin wadda ake murzawa da hannu, da tsirkiyar hanjin saniya, in ya gama ya buga raket ɗin a tafin hannu ya kai kunne. Ba ya hira yana aiki. Ba ya ma hira sosai in ba ya aikin, shi ya sa Godelieve take cewa ita da agogon bango ta yi zaman aure.

Annelies tana 'yar shekara tara ubanta Achiel ya shigo da ita shagon. Achiel mai rufin gidaje ne, mutum mai taurin kai, wanda bai yarda akwai ciwon da ba ya jin tsawa ba. Shi ne ya yanke lambar tana da shekara goma sha shida. Ya ce kilo ashirin da bakwai, irin na maza, 'yarsa ba za ta buga da ragar kamun kifi ba. Ya mutu tana da ashirin da biyu. Bayan shekara biyu ta ɗauki ɗaya daga cikin manyan kofunan duniya huɗu, ta kai ta biyu a jerin gwanaye, duka a kan ashirin da bakwai. Tun daga nan lambar ta zama rantsuwa. Firmin ya rufe shago ya bi ta duniya da na'urarsa a akwati, shekara goma sha uku ke nan yanzu. Kowace raket in ya gama sai ya manna 'yar farar takarda a wuyanta, ya rubuta kwanan wata da lamba da hannunsa. Ita tana ce masa Kawu, shi yana ce mata Lies. Su Firmin ba su haihu ba, kuma duk wanda ya ga yadda yake kallonta in tana wasa ba sai an yi masa bayani ba.

Tana da shekara talatin gwiwar hannun ta ƙi. Aka yi mata aiki, ta yi wata goma ba ta taɓa ƙwallo ba. Likita ya ce ta sassauta tsirkiya in tana son hannun ya kai ta wani wuri. Firmin ya yi mata maganar sau uku. A na ukun ta ce masa ranar da ta sassauta ranar ta tsufa, in kuma shi ne ya gaji da jan ashirin da bakwai ya faɗa mata, akwai masu ja. Bai sake yi mata maganar ba. Ranar da ta koma fili ya ja ashirin da shida, ya rubuta ashirin da bakwai. Hannun da ya yi wata goma a kwance bai gane ba. Daga nan duk hunturu, in ta dawo daga hutu, sai ya zare rabin kilo. Shekara shida yana haka, har aka sauko ashirin da uku, takarda kuwa ba ta taɓa canzawa ba. Ni dai ban ce ya yi daidai ba. Amma na ga 'yan wasan da suka fara tare da ita, yau wata ba ta iya ɗaga tukunyar shayi da hannun dama.

Kuma wasan ma ya canza a ƙarƙashin ƙafarta. A zamanin ƙuruciyarta mata uku ko huɗu ne suke raba kofuna, sauran 'yan rakiya ne. Yanzu ta tamanin a jeri tana iya korar ta ɗaya tun ranar Litinin, ranar farko ta gasa. Yara ne dogaye, kowace da likitan abincinta da mai lissafa mata bugu a kwamfuta, ba sa tsoron suna, wasunsu ma sai an gaya musu wace ce Verbraeken. Annelies tana da shekara talatin da bakwai, tana ta ɗari da shida. In ta ci wasan yau za ta koma cikin ɗari, a shigar da ita babbar gasar Janairu kai tsaye. In ta faɗi sai ta bi layin share fage, kuma ta riga ta faɗa wa 'yan jarida da bakinta cewa gara ta rataye raket. Abokiyar karawarta Tilde Ravnborg ce, 'yar Danmak mai shekara goma sha takwas.

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi suka baro asibiti. Godelieve ce ke tuƙi, ruwa yana tsuga, manyan motoci sun cika hanya. Firmin ya rungume hannu a ƙirji yana lissafi. Annelies da sabon ɗauri take fara wasa, na safiya, ba ta taɓa saɓawa ba. Wato daga ƙwallon farko ashirin da bakwai na gaskiya za ta riƙe, da hannun da rabonsa da wannan nauyi tun kafin wuƙar likita. In ya yi shiru ta faɗi, watakila ma hannun ya tafi gaba ɗaya. In ya yi magana ya san Lies. Gaba kura, baya sayaki.

Godelieve ta ce ai ramin ƙarya ƙurarre ne, ta sha gaya masa, ya je kawai ya faɗa wa yarinyar nan gaskiya. Ya ce tukuna, bari ya ga Odile. Ta ce to, shi ya sani, amma kada ya sake ya ce ita ta jawo, don ba ita ta ce ya hau keke cikin ruwa kamar saurayi ba.

Odile Lambrechts ce shugabar ɗakin ɗauri na gasar, kuma a hannun Firmin ta koyi sana'ar shekara talatin da suka wuce. Ya same ta a ƙasan zauren tsakanin na'urori huɗu masu lantarki. Raket ukun Annelies an riga an gama an kai mata. Ya ja Odile gefe, ya ce ta aika a karɓo su, ta ce an yi kuskure, ta yanke ta sake ɗaurawa a ashirin da uku, ba sai kowa ya ji ba.

Odile ta dube shi ta saman tabarau. Ta ce da Rutger ya kawo jakar da safe ta ɗauki ɗaya daga cikin na Firmin ta ƙwanƙwasa, don sha'awa kawai, ta ji abin da ta ji. Ba ta gaya wa kowa ba, don ba maganarta ba ce.

"To ki taimake ni," in ji shi.

"Malam, kai ka koya min. Takarda ta mai wasa ce. Abin da ta rubuta shi ake ja, ko da hauka ne." Ta kalli agogo. "Minti ashirin kowace ɗaya. Kawo min sa hannunta kafin ƙarfe ɗaya, in ajiye komai in yi. Ba sa hannu, ba na taɓawa."

Sha biyu da minti arba'in. Ya hau bene yana haki. A rabin hanya ya tsaya, wata dabara ta zo masa: ya lallaɓa ya buɗe jakar Annelies, ya ɓare takardun ya musanya, nasa su zama na safiya. Ya tsaya yana juya abin har ya ji kunya ta rufe shi, don ko ya yi, raket uku ba lallai su kai ta ƙarshen dogon wasa ba, kuma da hannu ɗaya ko leda ba zai iya buɗewa ba. Ya ci gaba da hawa.

Ya sami Annelies a lungun da 'yan wasa suke ɗumama jiki, tana jan roba da hannun dama, Rutger yana gefe yana karanta mata inda yarinyar take son bugawa. Tana ganinsa ta fashe da dariya, ta ce Kawu da keke, lallai tsufa ya yi sallama, gobe sai a saya masa mai ƙafa uku. Ta zo za ta rungume shi, sai ta ga fuskarsa. Ta ce wa Rutger ya ba su minti biyu.

"Lies, raket ukun da Odile ta ɗaura, kada ki buga da su."

"Ta ɓata ne?"

"Ba ta ɓata ba. Ashirin da bakwai ta ja, cif."

"To?"

"Ke ba ashirin da bakwai kike bugawa ba."

Ta saki robar a hankali. Ta tambaye shi nawa, ya ce ashirin da uku. Ta tambaye shi tun yaushe, ya faɗa mata duka, daga kilo ɗayan farko har rabi-rabin hunturu, bai rage komai ba, bai kuma kawo uzuri ba. Ta tsaya tana kallon wuyan raket ɗin da ke bakin jaka, inda rubutunsa yake.

Sannan ta tambayi abin da yake tsoro. Shekara huɗu da suka wuce ta ci wata gasa da ta mayar da ita cikin goman farko, ta ɗaga raket sama a gaban kyamara tana kuka, ta ce wa ubanta har yau tana kan lambarsa. Duk ƙasar ta gani. Shi ma yana tsaye a bayanta yana tafi.

"Ranar nan, nawa ne?"

"Ashirin da biyar."

Ba ta yi ihu ba, gara ma a ce ta yi. Ta durƙusa ta zuge jakar, ta zaro raket ukunsa cikin ledojinsu, ta dafa masa su a ƙirji har sai da ya tare da hannun hagu. Ya ce Odile tana jira, sa hannu kawai za ta yi, akwai sauran minti biyar. Ya ce ta tsane shi in tana so, amma ta tausaya wa hannun.

"Riƙe kayanka," in ji ta. Ta kira Rutger ya ci gaba da karatu.

Ƙarfe biyu zauren ya cika maƙil, mutum dubu huɗu, yawancinsu iyaye ne da suka kawo 'ya'yansu su ga Verbraeken kafin ta daina. Firmin ya zauna a kujerun mutanenta, layin gaba daf da kusurwa, Godelieve a gefensa, raket uku a kan cinya. Rutger bai san komai ba, sai ya yi ta tambaya me ya sa bai bar su a jaka ba.

Tun a ƙwallon gwaji Firmin ya ji. Ƙarar busasshiya ce, kwas, kamar ana buga katako. Annelies ta buga da ƙarfin da jikinta ya saba, ƙwallo ta sauka a tsakiyar fili, taku uku kafin inda ta nufa. Tilde kuwa abin da take jira ke nan. Ta shigo ciki ta yi ta raba ƙwallo dama da hagu, ba ta ko murmushi, in ta ci sai ta gyara igiyar gashi ta koma layi. Annelies ta ƙara ƙarfi, ta fara bugawa daga kafaɗa, wasu suka shiga raga, wasu suka wuce. Bayan wasa na huɗu ta fara yarfe hannu tsakanin bugu. Firmin ya san wannan yarfewar, ya gan ta shekara bakwai da suka wuce, makonni kaɗan kafin asibiti. Zubin farko ya tafi hannun Tilde shida da ɗaya cikin minti ashirin da huɗu. Wanda ya ci zubi biyu ya ci wasa.

Da ta zauna hutu Firmin ya miƙe tsaye, ya ɗaga raket ɗin da hannun hagu yadda za ta gani. Ta gani sarai. Ta juya kujerarta kaɗan, ta sha ruwa, ta zaro wata ashirin da bakwai ɗin daga jaka. Godelieve ta ja shi ya zauna, tana cewa 'yar Achiel ce, sabo turken wawa, ya bar ta ta ji a jikinta.

Zubi na biyu, Tilde na gaba da ɗaya ba ko ɗaya. Biyu ba ko ɗaya. A wasa na uku Tilde ta turo wata ƙwallo mai nauyi ta ɓangaren dama, Annelies ta tare, raket ta kusa suɓuce mata, ta dafe gwiwar hannu ta sunkuya. Zauren ya yi tsit, har ana jin ruwa a kan rufi. Uku ba ko ɗaya. Ta zauna ta lulluɓe kai da tawul. Rutger ya ce a hankali, shi ke nan, za ta janye. Firmin yana kallon bayanta yana jin kamar shi ne ya karya hannun da kansa, don da ya yi jarumta ya faɗa mata tun shekara shida, da faɗa ɗaya za su yi a ɗaki, ba a gaban mutum dubu huɗu ba.

Alƙalin wasa ya kira lokaci. Ta yaye tawul ɗin, ta miƙe, maimakon ta nufi layi sai ta taho kusurwarsu. Ba ta dube shi ba. Allon talla take kallo, ta miƙo hannu kawai. Ya miƙa mata duka ukun, ɗaya ta kusa faɗuwa, Godelieve ta tare. Annelies ta yage ledar ɗaya da haƙori ta koma fili.

Ƙwallon farko ta wuce layi da taku guda. Ta biyu ma haka, don hannun ya riga ya saba da dukan katako. Ta uku ta sauka a kan layin baya, ta zame ƙasa-ƙasa, Tilde ta kai raket a makare. Daga nan aka fara wasa. Ba wai Annelies ta koma 'yar ashirin da huɗu ba ne, ina! Gudu dai ya tafi. Amma ƙwallonta ta koma zurfi, yarinyar ta daina samun shigowa, kuma tsohuwar zuma da ita ake magani: ta yanko mata ɗaya ƙasa, ta ɗaga mata ɗaya sama, ta ajiye mata ɗaya a bakin raga, har Tilde ta fara juyawa tana kallon nata mai horarwar. Uku da uku. Huɗu da huɗu. Zubi na biyu ya zo hannun Annelies shida da huɗu, mutane suka miƙe suna buga ƙafa a katako.

Firmin bai miƙe ba, tsirkiya yake ƙirgawa. Hanjin saniya ba ya daɗewa a irin wannan yanka. Raket ta farko ta saki, Annelies ta ajiye ta a farkon zubi na uku. Ta biyu ta tsinke ana uku da huɗu, a tsakiyar bugu, tas, maki ya tafi. Saura ɗaya. In ita ma ta tsinke, ba abin da ya rage a jaka sai na Odile. A hutun da ya biyo baya ya ga Annelies ta nemi biro, ta ɗora 'yar takarda a gwiwa ta yi rubutu, ta haɗa da tsinkakkiyar raket ɗin ta ba wata ma'aikaciyar fili, matar ta ruga ƙasa. Daga inda yake bai ga abin da ta rubuta ba.

Biyar da biyar. Kowane bugu Firmin yana jiran tas ɗin nan. Ya ga zare ya fara tashi a tsakiyar tsirkiyar, ya ga ita ma ta gani, tana gyara shi da yatsa. Tilde ta yi kuskure biyu a jere a nata bugun, ƙuruciya ta nuna kanta, shida da biyar. Annelies ta samu damar gamawa sau biyu ta ɓarar. A ta uku suka yi musayar ƙwallo goma sha tara, Godelieve tana matse masa hannun da ya karye ba ta sani ba, shi ma bai ji ba. Ƙwallo ta ashirin ta Tilde ta daki saman raga ta koma mata. Bakwai da biyar, Annelies ta ci.

Firmin ya jira Annelies a lungu kusan awa guda. Da ta fito an ɗaure mata ƙanƙara a gwiwar hannu, idanunta sun yi ja. Odile ta aiko da raket ɗin da aka sake ɗaurawa, tana jingine a bango. Ya saci kallon takardar wuyanta, ashirin da uku, da rubutun Odile.

Annelies ta tambaye shi gobe nawa ya kamata. Ya ce ashirin da uku, in zauren ya yi zafi ta ƙara rabi. Ta tambayi na filin jar ƙasa, da na filin ciyawa, da na ƙasashen zafi, yana faɗa tana rubutawa a waya, tambaya bayan tambaya, har ya ƙare abin da ke kansa. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Ya ce likita ya ce mako shida a cire filastar, kafin Janairu ya warke sarai.

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi.

"Lambarka daidai ce, Kawu. Da ba don kai ba da tuni na daina, na sani. Amma kai ka zauna kai kaɗai ka yanke cewa na tsufa, ka bar ni shekara shida ina bugun ƙirji a gaban mutane, kana bayana kana gyaɗa kai. In na karɓi raket daga hannunka yanzu, sai na ƙwanƙwasa in tabbatar." Ta gyara ƙanƙarar. "Ba zan iya wasa haka ba. Ka je ka huta."

Ta ɗauki jakarta da hannun hagu ta wuce wajen 'yan jarida.

Rutger ne ya biyo su har bakin ƙofa, yana sosa ƙeya, ya ce wa Firmin ya yi haƙuri, katin shiga da ke wuyansa na mutanen Annelies ne, ofis yana so a mayar. Firmin ya yi ƙoƙarin cirewa, igiyar ta sarƙe da majanyin da ya rataye hannu. Godelieve ce ta kwance masa, ta miƙa wa Rutger, kuma yau ɗaya ba ta ce uffan ba har suka isa gida.

Washegari Annelies za ta buga wasan kusa da na ƙarshe da ƙarfe uku. Tun sha biyu Firmin ya sa kwat, Godelieve ta tambaye shi ina zuwa, ya ce Gent. Ta ce ba su neme shi ba. Ya ce ya sani. Ya hau jirgin ƙasa, ya sauka, ya zagaya ta babbar ƙofa inda bai taɓa bi ba, ya shiga layi cikin ruwa a bayan wata mata da 'ya'yanta biyu. Da ya iso taga mai sayar da tikiti ta ce na ƙasa duk sun ƙare, sai can sama kusa da rufi, kuma daga nan ba a gani sosai. Ya ce ta ba shi ɗaya.